Zaren Inna Hussaina

"Wa ya taɓa masaƙar Baba?"

Masu kafa rumfa suka ci gaba da ɗaure igiyoyinsu kamar da bango take magana.

Badi'a ta sauke jakar makaranta, ta tsaya tana kallon ƙofar gidansu a Kabo kamar baƙuwa. Da safe, da za ta tafi Gwarzo inda take koyarwa, ta bar komai yadda yake tun kafin a haife ta: masaƙar mahaifinta a gindin darbejiya, zare ya miƙe daga nan har kusa da katangar maƙwabta, ƙarshensa a naɗe a kan kunkuru, ɗan katakon nan da ake ɗora wa dutse don zaren ya tsaya a miƙe. Yanzu ba masaƙa, ba zare, ba kunkuru. Sai rumfar haya mai ratsin ja da fari, da kujerun roba a jere, da gurabun itacen masaƙar da aka cike da yashi.

"Na ce wa ya taɓa..."

"Badi'ata! Har kin dawo?"

Mahbub ne, saurayin da za ta aura, ya fito daga bayan rumfar cikin farar shadda, yana murmushin mutumin da yake jira a gode masa. A kansa akwai hular saƙi. Kullum akwai hular saƙi a kansa.

Mahbub na cikin samarin nan da sai da suka je jami'a suka gano al'ada, bayan sun baro ta a gida ba sallama. Yana da shafi a Facebook mai suna Gadonmu, inda yake kuka da hawaye a kan sana'o'in da ke mutuwa. Ta dalilin shafin ma suka haɗu. Ya zo ɗaukar hoton mahaifinta Malam Gambo, masaƙin da ya rage shi kaɗai a unguwar, Badi'a ta kawo masa ruwa, daga ranar hoton nan bai ƙara ɗaukuwa daidai ba, kullum sai an dawo an sake.

"Ina masaƙar?"

"Tana zaure, ba abin da ya same ta. Kin manta yau su Baffa Dagaci za su zo sa rana? Ina za su zauna?"

"Tun da aka kafa Kabo a tabarma ake sa rana. Ina zaren?"

"Yana tare da ita."

"Yaya aka yi zare mai tsawon nan ya shiga zaure, Mahbub?"

Ya gyara hularsa, wadda ba ta karkace ba.

Ba ta jira amsa ba. Ta faɗa zauren. Itatuwan masaƙar na jingine a lungu, an lulluɓe su da tsohuwar tabarma kamar abin da aka sato. A gefe ga buhun taki, an cusa wani abu a ciki. Ta zazzage shi.

Zaren ya zubo ƙasa, baƙi da fari, a hargitse. Ta lalubo bakinsa. Yanka ne tas, na almakashi mai kaifi.

Ta daɗe a durƙushe. Sai da ta ga inuwarsa a bakin ƙofa sannan ta yi magana, ba ta ɗago ba.

"Su ne suka yanke, ko kai?"

"Badi'a, ki tsaya ki ji..."

"Su ko kai!"

"Sun ce ba za su iya kafawa ba sai an kawar. Baba ya tafi jana'iza Masanawa, na kira ki wayarki a kashe, lokaci yana..."

"Kai ne."

"Ni ne. Amma wallahi ƙullawa ake yi! Ke ma kin san ƙullawa ake yi!"

"Na sani. Kai ma ka sani, shi ya sa nake so in shaƙe ka. Da jahili ne kai da na yi maka uzuri. Wa ya zauna a gindin darbejiyar can yana gaya wa duniya cewa wannan ne zaren ƙarshe da Innata ta kaɗa kafin ta rasu? Wa ya share ƙwalla da hannun riga? Mutum nawa suka rubuto maka cewa ka sa su kuka?"

Gaskiyarta. Al'adar gidan ce: duk 'yar da za ta fita aure, uwa ce ke kaɗa zaren, uba ya saƙa, a lulluɓe yarinya da shi ranar da za a kai ta. Da haka aka kai yayyen Badi'a. Inna Hussaina ta fara kaɗa na autarta tana lafiya, ta ƙarasa shi a kan gadon jinya, mazari yana suɓuce mata tana sake ɗauka. Malam Gambo ya kai rabi marina aka rina, ya ajiye shekara da shekaru, sai da maganar Mahbub ta yi ƙarfi sannan ya fito da shi. Idonsa ya yi rauni, a hankali yake aikin, ya kusa kaiwa rabi.

"Ba don wurin zama ka yanke ba," in ji ta. "Filin can gabas ya ishi rumfa uku. Faɗa mini don me."

Ya kawar da kai.

"Me ka gaya wa mutanen gidanku Babana yake yi?"

"Masoyiyata..."

"Kar ka masoyiya ni! Me ka ce?"

"Na ce... yana harkar yadi."

Ta yi dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji.

"Harkar yadi!"

"Kin san gidanmu. Kin san yadda masu sarauta suke kallon masu sana'a. So nake a sa rana tukuna, in ya so a hankali sai in..."

"Ka sa saƙarsa a ka, ka ɓoye shi a buhun taki."

Nan fuskarsa ta canja. Mahbub na da haƙuri, amma irin na mutumin da bai saba a ga bayansa ba.

"To, tunda abin ya zama haka, a bakin wa na fara jin kalmar? Ba ke kika ba ni labari da kanki ba, kina dariya, cewa a jami'a abin da kike gaya wa ƙawayenki ke nan? Harkar yadi! Taki ce, aro na yi!"

Maganar ta same ta inda ya nufa. Ta miƙe tsaye a hankali.

"Na faɗa. Ina yarinya na faɗa, na kuma ji kunyar kaina. Amma ban taɓa ɗaukar almakashi ba. Fita daga zauren nan, Malam Mahbub."

Ya fita, domin ango ba ya zama a wurin sa ranarsa.

Da la'asar motocin suka iso. Badi'a ta leƙa ta tagar zaure ta ga abin da ya fi yankan ciwo. Malam Gambo ya dawo daga jana'iza ya tarar da rumfa a kan wurin zamansa. Ya tsaya, ya duba, ya shiga gida ya sako rigarsa ta Juma'a. Ya fito ya durƙusa a gaban Dagaci, ƙanin mahaifin Mahbub, mai riƙe da wani ƙauye a ƙasar Gwarzo, yana ta "ranka ya daɗe", gwiwarsa a kan yashin da aka cike gurbin masaƙarsa da shi.

"Yaya kasuwa, Malam?" in ji Dagaci.

"Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe."

Aka sa rana bayan girbi. Aka raba goro da alawa. Kowa ya yaba rumfa.

Bayan sun watse ta sami mahaifinta a tsakar gida yana alwala.

"Baba, ko uffan ba ka ce ba."

"Me zan ce?"

"Zaren Inna!"

"Na gani. Idona bai mutu gaba ɗaya ba."

"Shi ke nan? Ka gani?"

"Uwata," haka yake kiranta, "yaron nan yana son ki. Tsoro ya ji. Ni ma na ji tsoron masu rawani duk rayuwata, ban ga dalilin da zan tsane shi don ya yi kama da ni ba. Ki yi aurenki. Gwaggonki Murja ta ce akwai mayafai masu kyau a kasuwar Kwari."

"Ba zan fita gidan nan da mayafin kasuwa ba."

"To ba zan iya ƙulla shi ba. Zaren uwarki siriri ne, ba na ganinsa sai dai in ji shi a yatsa."

"Ni zan ƙulla."

"Ba aikin mutum ɗaya ba ne. Sai wani ya riƙe can ɓangaren ya ja, yana tsinto miki ɗaya bayan ɗaya, baƙi ga baƙi, fari ga fari. Ni ko baƙin da farin ba na rabewa sai rana ta take."

"Wanda ya yanke shi zai riƙe."

Malam Gambo ya ajiye buta ya dube ta.

"Ɗan gidan sarauta? A ƙofar gida? A bakin hanya?"

"A inda ya yanke."

"Halin uwarki sak," in ji shi. Bai faɗa ko yabo ne ba.

Abin da ta gaya wa Mahbub ke nan a waya, cikin jimla biyu, ta kashe. Ya sake kira.

"Hasken idona, mu yi shi a cikin gida mana. Wallahi zan zo, ko kwana za a yi ana ƙullawa..."

"Masaƙar maza ba ta shiga cikin gida. Kai ka faɗa a shafinka."

"Kin san hanyar nan duk mutanen garinmu ta nan suke bi in za su kasuwa?"

"Na sani."

"So kike ki tozarta ni."

"So nake in ga ko akwai mutum a ƙarƙashin hular."

Wannan karon shi ya kashe.

Kwanaki suka shuɗe. Ya turo saƙonnin ban haƙuri masu tsawo da tsari, irin na wanda ya iya rubutu. Ya turo mata hoton wani saƙi da ya gano a Kano, na hannu, ya ce tsohuwa ce ta kaɗa zarensa. Ta amsa masa da cewa Allah ya jiƙan tsohuwar, amma ba ita ta haife ta ba. Gwaggo Murja, ƙanwar Malam Gambo, ta zo ta yi mata faɗa tun daga zaure har madafi.

"Ke wace iri ce? Miji kamar wannan, ga ilimi ga asali, ki tsaya kina rigima a kan zare? Mu da aka lulluɓe mu da saƙin, me ya hana mu shan wuya a gidan miji?"

"Gwaggo, ina naki yake?"

"Yana ƙasan akwati, ina ruwanki?"

"Ki ba ni in sayar."

"Ki sayar da uwaki!" Gwaggo Murja ta yi tsaki, ta tafi ba ta ci tuwon da aka zuba mata ba.

Abin da Badi'a ba ta gaya wa kowa ba shi ne tana kewarsa kamar ta mutu. Ta tsaya a gaban allo tana koyar da lissafi, sai ta tuna yadda yake kwaikwayon tafiyar shugabar makarantarsu, dariya ta taso mata, haushi ya biyo ya danne. Ta tsane shi da safe, ta duba waya da rana. Kuma tana jin haushin kanta a kan duka biyun.

Da ta ga girbi yana matsowa, dawa ta fara sunkuyar da kai, sai ta daina jira. Wata Asabar ta ciro itatuwan daga zaure, ta tone yashin da hannunta, Malam Gambo yana gaya mata wanne ke shiga ina. Suka rataye allera, zaren nan masu ido da ke ɗaga zaren saƙa sama da ƙasa. Guntayen da almakashi ya bari suna nan a cikinta suna reto. Ta janyo kunkuru ta ɗora masa dutsensa, ta zauna a ƙasa a tsakani, ta fara.

Ba ya yiwuwa. In ta kama wannan, wancan ya suɓuce. In ta ja, tulin ya ƙara cukurkuɗewa. Masu wucewa suka fara rage tafiya. Malamar makaranta guda, a zaune a turɓaya a masaƙar maza, tana magana da zare cikin fushi. Kafin azahar labari ya kai Gwarzo, domin irin wannan labarin ba ya jiran mota.

Rana ta ɗan karkata sai ga mota ta tsaya. Mahbub ne ke tuƙi. A baya kuwa Hajiya Uwaliya ce, mahaifiyarsa, wadda ta ji abin da ake faɗa ta ce sai ta gani da idonta.

Ta fito, ta gyara mayafi. Ta dubi masaƙar. Ta dubi tsohon da ke zaune a ciki, ƙafafunsa a kan mataka. Ta dubi yarinyar da za ta zama surukarta, gwiwa duk ƙasa.

Badi'a ta durƙusa sosai. "Sannu da zuwa, Hajiya. Ina wuni?"

"Lafiya." Ta juya ga ɗanta. "Mahbub, wannan ita ce harkar yadin?"

"Hajiya, zan yi miki bayani..."

"Ka sa Baffanka ya ɗauko rawaninsa ya zo nan, bai san inda ya zo ba? Ka mai da mu abin dariya?" Ba ta ɗaga murya ba, irinsu ba sa ɗagawa. "Malam, ka yi haƙuri, ba da kai nake ba. Kowa da inda Allah ya ajiye shi. Kai kuma shiga mota."

Ta koma ta zauna, ta ja ƙofa.

Mahbub ya tsaya a tsakiya, makulli a hannu. Ya dubi motar, ya dubi Badi'a. Ita ko kallonsa ba ta yi ba, ta koma kan zarenta.

"Badi'a..."

"An ce ka shiga mota."

"Ki ce wani abu mana."

"Na gama faɗa tuntuni. Ka tafi, Mahbub. Wallahi ba zan bi ka da kuka ba, sai ka yi nisa zan yi abina."

Muryarta ta karye a kan kalmar ƙarshe, ta ji haushin hakan ƙwarai.

Ya daɗe a tsaye har mai rake da ke tsallaken hanya ya daina fere don kar wani abu ya wuce shi. Sannan ya cire babbar rigarsa ya rataye a reshen darbejiya. Ya naɗe hannun 'yar ciki. Ya zo ya zauna a ƙasa, a gefen kunkuru, farar shadda a kan turɓaya.

"Wanne zan fara miƙowa?"

Ba ta ɗago ba. "Baƙi."

Ya miƙo.

"Wannan fari ne da ya sha ƙasa. Baƙi na ce!"

"To ai duk..."

"Ka ja shi ya miƙe! Ba hoto kake ɗauka ba!"

Motar ta yi ƙara, Hajiya ce ta miƙo hannu ta danna hon. Ya runtse ido, bai waiwaya ba. Ta sake dannawa. Ya tsinto baƙin zare ya miƙa wa Badi'a, ta haɗa shi da ɗan'uwansa ta ƙulla, ta ja ta ji ya kama.

Wata motar haya ta rage gudu, wani ya leƙo. "Kai! Ba ɗan gidan Dagaci ba ne wancan?"

"Shi ne!" Mahbub ya ɗaga murya, kunnuwansa kamar za su kama da wuta. "A gaida mutanen gida! A ce ina gidan surukina, Malam Gambo masaƙi!"

"Ba sai ka yi shela ba," in ji Badi'a. "Fari."

Makullin motar na aljihun Mahbub, gilasai a rufe, rana kuwa ba ta san sarauta ba. Hajiya Uwaliya ta jure iya jurewarta, sannan ta fito tana fifita da gefen mayafi, da niyyar ta ja kunnen ɗanta a gaban kowa. Ta zo ta tsaya a kansu. Sai idonta ya sauka a kan zaren.

Ta sunkuya ta ɗauki sili ɗaya, ta murza a tsakanin yatsu. Matan gidan sarauta ba sa saƙa, amma a zamanin da ta tashi babu 'yar da ba a ba mazari ba, kuma ta sha duka a hannun kakarta a kan zare mai kauri.

"Wannan ba na kanti ba ne. Wa ya kaɗa?"

"Innata," in ji Badi'a.

"Tana ciki?"

"Ta rasu, Hajiya. Na lulluɓina ne. Shi ne na ƙarshe da ta yi."

"Allah ya jiƙanta. To me ya same shi haka? Akuya?"

Malam Gambo ya duƙar da kai yana gyara abin da bai lalace ba. Hajiya ta dubi bakin yankan, ta dubi ɗanta.

"Mahbub."

"Na'am, Hajiya."

"Kai ne akuyar?"

"Don kar Baffa ya gani ne..."

Ta zare hular saƙin daga kansa ta maka masa a ƙeya, mai rake ya ce "Ash!" daga tsallaken hanya.

"Zaren mamaciya ka sa wa almakashi? Don wa? Don mu? Mu muka aike ka? Ka san wata nawa mace take yi kafin ta tara wannan, marar mutunci?" Ta juya ga Badi'a, fuskarta ba ta saki ba. "Ke kuma kar ki ɗauka na sauko. Da ni aka bi, ba nan gidan zan nemo masa aure ba, kin ji na gaya miki. Kuma kina da taurin kai, na gani."

"Haka ne, Hajiya."

"Ba ki ma musa ba!" Ta yi tsaki. "A kawo mini tabarma. Shi wannan in aka bar shi da tsintar zaren nan sai an yi girbin baɗi. Kai, riƙe nan ka ja, abin da za ka iya ke nan."

Ba a gama a ranar ba, ba a kuma gama washegari ba. Hajiya ba ta sake dawowa ba, ta ce ta yi na Allah. Mahbub ne ya yi ta zuwa, yana zama a gefen kunkuru, ana yi masa tsawa. Ya roƙi a bar shi ya ƙulla ko kaɗan ne da hannunsa, Badi'a ta ƙi, Malam Gambo ya ce a bar shi. Ƙullinsa ya fito manya-manya kamar ƙwayar gero, nata kuwa sai an shafa ake ji.

Wata rana da yamma, suna kusa da gamawa, ya ce a hankali, "Kin yafe mini?"

"A'a."

"Yaushe?"

"Ban sani ba. Wataƙila in na tsufa." Ta ja zaren ta ƙulla. "Amma zan aure ka. Can na ƙarasa fushin a ɗakina, ba sai na biya kuɗin mota ba."

Ya yi dariya, ƙwalla ta zubo masa, wannan karon babu mai ɗaukar hoto.

"Badi'ata..."

"Ka sake shi ya yi sako-sako. Ja!"

Dagaci bai zo ɗaurin aure ba. Ya aiko cewa yana da uzuri, kuma har yau in Mahbub ya je gaishe shi, sai ya tambaye shi yaya kasuwar yadi. Wani ƙanin Hajiya ne ya karɓi auren.

Malam Gambo ya gama saƙar ana saura kaɗan biki. Da ƙulle-ƙullen suka iso bakin allera sai da ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya yana lallaɓa su su wuce, yana gunaguni a kan na angon. Aka haɗa ƙyallayen aka ɗinke. Saƙi ne mai kyau, baƙi da fari, sai dai a wuri guda akwai wani layi mai kaushi inda ƙulle-ƙullen suka taru. Gwaggo Murja ta ce a juya shi ciki, ko a naɗe ta wajen. Badi'a ta ce a bar shi a sama, daidai goshi.

Ranar da za a kai ta, da Gwaggo ta yafa mata shi, sai ta ji ƙamshin shuni da wani abu kamar hannun Inna. Duk fushin da ya riƙe ta tsawon watannin nan ya sake ta lokaci guda, ta durƙushe a gaban mahaifinta tana kuka kamar ƙaramar yarinya.

"Baba... ka yafe mini... har da abin da ba ka sani ba."

"Na sani," in ji Malam Gambo, yana gyara mata gefen lulluɓin. "Tashi, Uwata. Kar ki jiƙa mini aiki."

A Gwarzo, da aka kai ta gaban Hajiya Uwaliya, ɗakin cike da mata, leshi da gwal ko'ina. Wata daga cikin dangin ango, mai ido kamar na dillaliya, ta miƙo hannu ta shafa lulluɓin, yatsanta ya tsaya a kan layin.

"Ikon Allah, saƙi a wannan zamani! Amma Hajiya, wannan ai da aibi a jikinsa. Wane masaƙi ne ya yi wannan ƙazamin ƙulli?"

Amarya ba ta magana a irin wannan wuri. Badi'a ta cije leɓe a ƙarƙashin lulluɓi, ta ji tsohon fushin yana neman tasowa.

Hajiya Uwaliya ta kawar da hannun matar, ta ja lulluɓin ta daidaita layin a goshin surukarta.

"Ɗana ne," in ji ta. "Iyakar abin da ya taɓa yi da hannunsa ke nan. Ki bar shi a inda kowa zai gani."